Jawabi a Taron Ƙungiya: Riƙe Ƙarfin Gwiwa a Hunturun Ingila

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa, barkanmu da haɗuwa.

An ce in yi magana kan ƙarfin gwiwa. Zan kama ta daga lokacin da ya fi kubce mana, wato daga ƙarshen Oktoba, da aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, har zuwa Maris. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, kafin huɗu ta faɗi. Mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi sai ya yi mako bai sa ta a ido ba: ya dawo da duhu, ya ja labule, ya farka Magariba ta yi. Bayan wata biyu ya fara zargin kansa da lalaci ko raunin imani, alhali jiki ne ke kuka.

To, a fara da jikin. Hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 kullum a watannin sanyi, mu masu baƙar fata kuwa duk shekara, domin ranar ƙasar nan ba ta isar fatarmu. Yana nan a kantin magani, ba sai da takardar likita ba. Sannan a riƙa fita waje ko na minti ashirin tsakanin Azahar da La'asar. Ko gajimare ya rufe, hasken waje ya fi na fitilar ɗaki nesa ba kusa ba.

Sai neman aiki. Mutum ya aika takarda hamsin iri ɗaya a dare guda, ya ji shiru, gwiwarsa ta yi sanyi. Gara uku a rana, kowace an gyara ta daidai da abin da tallar aikin ta nema. A sami littafi a rubuta kwanan wata, sunan wurin, da amsar da ta zo. Da ka cika ukun nan, rufe kwamfuta, ka yi naka na ranar. Wanda kuma mai ɗaukar nauyin bizarsa ya rasa lasisi, galibi kwana 60 ake ba shi ya sami wani. Kunya kan cinye rabin kwanakin nan kafin ya buɗe baki. Don Allah a faɗa mana tun makon farko. Ɗalibai masu karatun digiri, awa 20 ɗin nan ta aiki da aka yarda muku a mako lokacin karatu, kada matsi ya sa ku ƙetare ta, bizarku ce a kai.

Ga kuma wayar da ake bugo mana daga gida ana neman kuɗi. A can fam ɗaya kuɗi ne in an canza shi, a nan ko kuɗin bas bai kai ba, kuma ba kowa zai gane ba. Biya haya, harajin ƙaramar hukuma (council tax), wuta da gas tukuna. Daga abin da ya rage ka yanke adadi ɗaya da rana ɗaya a wata, ka damƙa rabon a hannun mutum ɗaya amintacce. Cin bashi don a tura gida, a ganina, shi ya fi hana mutanenmu barci.

Idan aka wuce mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar komai, a je wurin GP, wato likitan unguwa, ana kuma ci gaba da addu'a. A Ingila mutum na iya neman NHS Talking Therapies, wato maganin damuwa ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, da kansa, kyauta. In dare ya yi tsanani, lambar Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa ta waya, 116 123 ce, ba a biya.

Namu aikin a ƙungiyance: kowa ya ɗauki mutum biyu ya kira su duk Juma'a, kira na murya, banda saƙon WhatsApp. Kada a tsaya a "lafiya lau", kowa haka zai ce. Tambaye shi me ya ci yau, yaushe rabonsa da fita. Takarda na zagayowa daga ɓangaren iyaye mata, a rubuta suna da unguwa kafin a tashi cin abinci.

Wassalamu alaikum.