Ƙiba, Teɓa da Maiƙon Jini: Abin da Ke Damun Matan Masar

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Madalla. Abu uku zan taɓo.

Na farko, adadi. Binciken lafiyar iyali na Masar na 2014 ya nuna kusan rabin matan da suka taɓa aure, masu shekara 15 zuwa 49, suna da ƙiba ta haƙiƙa, wato ma'aunin nauyi da tsawo ya kai 30. Rabi fa! Duk wanda ya zauna Alƙahira ya san cimar: burodin baladi na tallafin gwamnati, wanda ya shekara fiye da 30 a ƙirshi 5, wato ƙaramin kuɗin Masar, kafin ya koma 20 a 2024, ga koshari, ga shayi mai sukari, ga zaman gida.

Amma na biyu, abin da ya kawo ni, shi ne ƙugu. Sikeli ba ya gaya miki inda kitsen ya zauna. Mata biyu, nauyinsu ɗaya, wannan nata a cinyoyi da ƙasan baya, waccan nata a ciki. Hajiya kina dariya, kin san su ke nan! To, ta biyun ce nake jin tsoro a kanta. Kitsen da ya kewaye hanji kai tsaye yake zuba maiƙonsa cikin jijiyar da ke zuwa hanta. Kai tsaye, na ce. Hanta kuma sai ta ƙara sako tiragilisarayid, wani nau'in maiƙo, cikin jini, kwalastaral mai amfani, HDL, ya ragu. Daga nan suga, daga nan zuciya. Tun 1947 wani likitan Faransa, Jean Vague, ya lura da wannan bambanci. Shi ya sa nake cewa a ari tef ɗin tela. Ƙugun mace ya wuce santimita 88, haɗari ya yi yawa, wasu ma daga 80 suke farawa. Tef ɗin tela kawai.

Na uku, shekaru. In al'ada ta ɗauke, kitsen sai ya ƙaura daga cinya ya koma ciki.

Na'am, malama? Ƙara murya. Tana tambaya siririyar mace fa? Yauwa. Siririya mai teɓa ba ta tsira ba. Ta je a auna jininta: tiragilisarayid ya kai 150, ko HDL ya gaza 50, ta zauna da likita. A Masar ma, gangamin lafiya na mutum miliyan 100 da aka fara a 2018, duk babban da ya je aka auna, ba masu jiki kaɗai ba. Akwai wani hannu can baya?