Sharhi: Kujerar da kakanni suka sauya wa suna

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

Tun shekarar 2000 masana harkar lafiya ke yawan ambaton wani ƙiyasi, cewa sakamakon bincike kan ɗauki kimanin shekara 17 kafin ya iso ɗakin duba marasa lafiya. Ga mai fama da ciwon damuwa ko shaye-shaye, wannan jiran ya yi yawa. A ganina laifin ba na ƙarancin bincike ba ne. Sau da yawa masu binciken sai sun gama komai a jami'a, sannan su nemi wanda zai kai musu saƙo ga jama'a, su kira shi abokin hulɗa. Ai wannan ɗan aike ne.

Mu leƙa Zimbabwe. A 2006, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya fara aiki da wasu tsofaffin mata 14 a unguwar Mbare da ke Harare. Aka koya musu yadda za su saurari mutum, su taimaka masa ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, a kan bencin katako a harabar asibiti. Da farko an sa wa bencin sunan lafiyar ƙwaƙwalwa, mutane suka ƙi zuwa. To, wa zai zauna a bainar jama'a a ce ya taɓu? Kakannin ne suka ce a canja, ya koma Friendship Bench, wato bencin abota. Kalmomin asibiti ma aka ajiye su, aka ɗauki wadda masu jin harshen Shona suka sani, kufungisisa, ma'ana yawan tunani.

Likitan kuwa bai ce ni ne gwani ba, ya saurare su. Da aka gwada tsarin a kan mutum 573, rahoton 2016 ya nuna cewa bayan wata shida, kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a cikin waɗanda ba su zauna a bencin ba kusan rabi ne.

Saura batun kuɗi, inda shirye-shirye da dama ke mutuwa da zarar tallafin bincike ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP tun 2008 domin ƙananan asibitoci su riƙa kula da irin waɗannan larurori, amma littafin jagora ba ya biyan albashi. Ma'aikatar lafiyar da za ta gaji aikin, a zaunar da ita tun ranar da ake tsara tambayoyin binciken, a kuma tambaye ta ko kasafinta zai ɗauka.