Inuwa ta yi tsawo ba don rana ta yi nisa ba

Toh ƙannena, ku kalli sandar nan da na kafa a tsakar gida, mita 1 ce cif. Ga inuwarta da hantsi, ta miƙe can yamma. Ga ta da rana tsaka ta dunƙule a gindin sandar, da la'asar kuma ta juya gabas. Wannan kowa ya sani, mu wuce.

Inda ake samun matsala shi ne dalilin. Yara da yawa, har da manya ma, sai ka ji suna cewa wai da safe rana tana nesa shi ya sa inuwa take tsawo, in ta matso kusa kuma sai ta gajarce. A'a fa. Tsakaninmu da rana wajen kilomita miliyan 150 ne, da safe haka yake, da azahar ma haka yake, duniya ce take juyawa da mu shi ya sa muke ganin kamar ranar na hawa sama tana saukowa.

Ku zuba ido nan. Ga tocila a hannuna, na ɗaure ta da zare a gindin sandar saboda kar nisan ya canja. Na yi ƙasa da ita, haske na dukan sandar ta gefe, kun ga yadda inuwa ta tafi har jikin katanga? Yanzu ina ɗagawa a hankali, a hankali... zaren nan bai ƙaru ba bai ragu ba amma inuwa sai janyewa take. Ta inda hasken ke faɗowa ne kaɗai ya canja. In ya kai rabin hanya, digiri 45 kenan, tsawon inuwa daidai yake da tsawon sanda. Ni wannan wajen ya fi burge ni wallahi, domin tun kafin agogo ya zo, da irin wannan awon malamanmu suke gane shigar la'asar, inuwar abu ta kai tsawonsa a kan abin da ya rage lokacin zawali.

Kuma kar ku ce ƙarfe 12 daidai inuwa ta fi gajarta. A Kano wajen 12:10 ne a farkon Nuwamba, a Fabrairu sai kusan 12:40. Sannan ba kullum take ɓacewa ba, a Disamba sandar nan tana barin wajen santimita 70 ta arewa, a Yuni kuma wajen 20 ta kudu. Sau biyu a shekara rana ke tsayawa a kan Kano sak, wajen 21 ga Afrilu da kuma 21 ga Agusta, ranar sai ka nemi inuwa ka rasa.

Ku samo sanda da alli da tef ɗin tela, a wajen Umma za a ara, a kuma mayar mata. Duk bayan awa ɗaya ku ja layi a bakin inuwar, amma don Allah kar wanda ya ɗaga kai ya kalli ƙwayar rana, tana lalata ido.