Dorina, Kada da Sarkin Bavariya

Ku tsaya ku dubi tsakiyar hoton nan na farautar dorina da kada. Dorina ce ta wangame baki, ta take kada da ƙafafunta, karnuka sun rataye a jikinta. Sama da ita dawakai uku sun yi tsaye da ƙafafun baya, mahayansu na shirin sukarta. A ƙasa kuwa ga mutum kwance, bai ko motsi.

Mai zane Peter Paul Rubens ne ya zana wannan a birnin Antwerp, a ƙasar Beljiyam ta yau, wajen 1616. Maximilian, mai mulkin Bavariya a kudancin Jamus, ya sa shi ya yi manyan zanen farauta guda 4: ta zaki, ta damisa, ta aladen daji, sai wannan ta dorina da kada a bakin kogin Nilu.

To me sarkin Bavariya zai yi da dorina? A Turai ta wancan zamani, farautar manyan namun daji hakkin sarakuna da fadawa ne, talaka ya taɓa ya sha hukunci. Kuma a dawa ake koyon yaƙi: riƙe linzami, jifa da mashi, tsayawa lokacin da kowa ke gudu. Maximilian shi ne jagoran ƙawancen masarautun Katolika na Jamus da aka kafa a 1609, kuma a 1618 aka shiga yaƙin shekara 30. Dabbar da ke hoton ita ce fitina, mahayin kuwa shi ne mai kwantar da ita. Har rawani aka naɗa wa mahaya, domin a ce ikon ya kai ƙasashe masu nisa.

Zanen na asali ya fi mita 3 a faɗi, kuma a wancan lokacin sai wanda ya shiga fada ke ganinsa. Nan Pieter Soutman, wanda ya yi aiki tare da Rubens, ya shigo. Ya kwafe hoton da allura a kan farantin jan ƙarfe, ruwan asid ya ci layukan, aka cusa tawada, aka danna takarda. Faranti ɗaya, ɗaruruwan kwafi, har gidan ɗan kasuwar da bai taɓa riƙe mashi ba.

Ni dai abin da ya fi kama ni shi ne mutumin nan na ƙasa. An biya Rubens ya nuna nasara, amma ya tsayar da hoton kafin a san wa zai yi galaba. Ku sake duban idon dokin nan. Tsoro ne ƙarara a cikinsa, kuma mashin bai riga ya shiga ba.