Yadda za ka sa kwamfuta ta karanta sunan waƙa daga sunan fayil

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wataƙila ya taɓa faruwa da ku: ka zuba waƙoƙi ɗari biyu cikin manhajar sauraro, sai ka tarar duk sun cunkushe wuri guda, wai ba a san mawaƙinsu ba. Alhali ga sunansa nan ƙarara a jikin fayil. Dalili kuwa, manhajar ba sunan fayil take dubawa ba. Akwai wani ɗan bayani da ke ɓoye a cikin fayil ɗin, a MP3 ana kiransa ID3, shi take karantawa. In wurin nan wayam yake, ita ma ba ta san komai ba.

Ba sai ka zauna kana rubutawa ɗaya bayan ɗaya ba. Ga Mp3tag nan na buɗe, manhaja ce ta gyara wannan ɓoyayyen bayanin, kyauta ce a Windows. Na jawo folda na saka. Ku dubi sunan wannan da kyau:

07 - Sunan Mawaƙi - Sunan Waƙa.mp3

Lamba, mawaƙi, waƙa, kowanne an raba shi da sarari, karan-ɗori, sarari. Sai in zaɓi duka da Ctrl+A, in danna Alt+2. Akwatin da ya fito, nan zan rubuta wannan (track lamba ce, artist mawaƙi, title sunan waƙa):

%track% - %artist% - %title%

Yanzu ku tsaya a nan, don a nan ake yin ɓarna. Abin da ka rubuta dole ya yi daidai da sunan fayil, har sararin da ke tsakani. Kun ga fayil na tara a jerin? Shi ba lamba a gabansa. Wannan kuma mai shi ya fara sa waƙa kafin mawaƙi. In na haɗa su duka na danna OK, sunan waƙa zai je ya zauna a gurbin mawaƙi, kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba, don ita ta yi abin da aka sa ta. Shi ya sa nake rarraba fayilolina kashi-kashi tukuna, masu kama da juna wuri ɗaya. Kuma ba na danna OK sai na danna Preview na karanta da idona. Don Allah kada ku tsallake wannan.

Idan akwai tarkace a sunan, kamar adireshin inda aka sauko da waƙar, sa %dummy% a gurbinsa, za ta watsar da shi.

Sai maganar ɓ da ɗ da ƙ. Tsohon tsarin ID3v1 na 1996 harafi 30 kawai yake ɗauka a sunan waƙa, kuma bai san haruffa masu lanƙwasa ba. Shiga Options, Tags, Mpeg, ka zaɓi ID3v2.3 UTF-16, ƙugiyarka ba za ta faɗi ba.

To, na duba, komai ya zauna. Na danna OK. Bari mu koma manhajar sauraro, mu sa ta sake lalube foldar.