Darasin labarin ƙasa: gaɓar Namibiya, ga ruwa ga ƙishirwa

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Kowa ya buɗe taswirar Afirka, ya ɗora yatsa a kudu maso yamma, bakin Tekun Atilantika. Daga kogin Kunene a arewa zuwa kogin Orange a kudu, gaɓar Namibiya ta kai kusan kilomita 1,570. To, ku ƙirga mini garuruwan kirki: Henties Bay, Swakopmund, Walvis Bay, Lüderitz, Oranjemund. Yatsun hannu ɗaya sun ishe ku. Me ya hana mutane zama?

Ku fara da tekun. Akwai ruwa mai sanyi da ake kira Benguela, yana gangarowa daga kudu ya nufi arewa, iska kuma tana ture ruwan sama-sama, na can ƙasa mai sanyin ƙarara ya taso. Iskar da ta kwanta a kan ruwan sanyi nauyi take yi, ba ta tashi sama, hadari kuwa ba ya haɗuwa sai iska ta tashi. Shi ya sa a Walvis Bay ruwan saman shekara guda bai cika kai milimita 25 ba. Abin da ake samu shi ne hazo mai laima da safe, wanda yakan shiga cikin hamadar Namib kilomita masu yawa. Akwai wani buzuzu a can da yake hawa tudun yashi, ya yi goho, laimar ta taru a bayansa ta gangaro bakinsa. Ikon Allah ke nan.

Yanzu ku bar tekun, ku nemi koguna. Nan ɗalibai suke tafka kuskure. Za ku ga Kuiseb, Swakop, Omaruru, Ugab, an zana su da layi mai tsinke-tsinke. Wannan layin yana nufin kogin busasshe ne, sai an yi ruwa can kan tudu yake kawowa, Kuiseb ma yakan shekara da shekaru bai kai teku ba. Ruwan yana nan, amma a ƙarƙashin yashi. Daga rijiyoyin burtsatse na Kuiseb Walvis Bay take sha, kuma a bakinsa mutanen Topnaar suke zaune da awakinsu, suna tsinkar wata gunar daji da suke kira nara. Matsalar ita ce, idan aka zuƙi ruwan fiye da yadda ambaliya take mayarwa, sai ya yi ƙasa, gishiri ya ƙaru, rijiya ta lalace. Saboda ƙarancin ne aka buɗe matatar cire gishiri daga ruwan teku kusa da ƙauyen Wlotzkasbaken, arewa da Swakopmund, a 2010.

Abu na gaba, kada ku amince wa tsohuwar taswira a kan layin gaɓa, yashi tafiya yake yi. Jirgin ruwan Eduard Bohlen ya kafe a 1909 cikin hazo, yau gawarsa tana kwance cikin rairayi, ɗaruruwan mitoci tsakaninta da ruwa.

Mai tuƙi kuma ya kula: hanyar da ta bi gaɓa arewa da Henties Bay da gishiri aka daɓe ta. Da rana sumul kamar kwalta, amma da hazo ya sauka sai ta koma santsi kamar an zuba sabulu. A rage gudu, a kunna fitila.