Tsakin roba a cikin sabulun wanke fuska

Ku dubi wannan kwalbar da kyau. Irin sabulun ruwan nan ne na goge fuska da ake jerawa a shagunan kayan kwalliya na babbar kasuwar Garwa, wanda aka rubuta wa "gommage" a jiki. Bari in matsa kaɗan a tafin hannu. Kun ga 'yan ɗige-ɗigen nan shuɗaye? In ka murza sai ka ji kamar yashi mai laushi. To, a wasu kayan, wannan abin roba ce zalla, dangi ɗaya da ledar da ake ƙulla mana sukari a ciki.

Kamfanoni sun so ta ne saboda arha, ga ta sumul ba ta yankar fata. Ana zuba ta a sabulun wanka, da na fuska, har da wani man goge baki. Yawancinta ba ta kai milimita 1 ba, kuma ba ta narkewa, ba ta ruɓewa.

Yanzu mu bi ruwan wankan. Daga makewayi ya fita ta rariya, ya shiga kwata, damina ta zo ta kwashe komai zuwa Binuwai. A ƙasashen da ke da manyan injinan tace ruwan datti ma, wani kaso na wannan tsaki yana sulalewa ya wuce. Mu nan da ba wani inji tsakanin rariya da kogi fa? Kifi kuwa ba ya tambaya, abin ya yi masa kama da ƙwai ko ƙwaro sai ya haɗiye. Karfasar da aka soya muku da yaji jiya da daddare, a ruwan nan ta girma. Abin da bai tsaya a Garwa ba kuma ya gangara Yola, don kogi bai san jandarman kan iyaka ba.

A Amurka, bayan masu bincike sun tsinci wannan tsaki a manyan tafkunan da ke tsakaninsu da Kanada, jihar Ilinoyi ta fara haramta shi a 2014. A watan Disamba na 2015 Shugaba Obama ya sa hannu kan dokar da ta hana shi a kayan da ake wankewa da ruwa. Birtaniya da Kanada da Faransa suka bi sahu a 2018, Tarayyar Turai kuma ta kafa tata dokar mai faɗi a Oktoban 2023.

Sai dai dokar wani ba ta share maka kasuwa. Kayan kwalliyarmu ta ko'ina suke shigowa, wasu ta Duwala, wasu ta kan iyaka a bayan babur, wasu ma an juye su a robar da ba ta da ko rubutu. Kamaru ta hana siririyar leda, wadda kaurinta bai wuce maikiron 60 ba (maikiron dubu ne ke yin milimita 1), dokar ta fara aiki a 2014. Ku leƙa bakin kasuwa ku gaya mini ko ledar ta ɓace. In wadda ido ke gani ta gagara, ina ga wadda ke ɓoye cikin kumfa? A ganina wurin tare ta shi ne inda kaya ke shigowa, a hannun 'yan duwan da manyan dillalai, ba a teburin mai ƙaramin shago ba.

Kafin nan, Hajiya, juya kwalbar ki karanta jerin abubuwan da aka haɗa. In kin ga "Polyethylene" ko "Polypropylene", ajiye ta. In ba rubutu, ga gwaji: ki kaɗa cokali guda a kofin ruwan ɗumi, ki bari ya kwanta. Sukari da gishiri za su narke, garin ɓawon 'ya'yan itace yakan nutse, tsakin roba kuwa sai ya taso sama yana yawo. Ki tace da farin ƙyalle, ki zuba shi a shara, kada ya koma rariya.

Kuma ai goge jiki ba yau aka fara shi ba. Amaren Njamena da Kuseri da dilka ake gyara su, fata ta yi laushi tana sheƙi. Ga soso da sabulun salo, ga dutsen goge kaushi da ke ajiye a bayin kowace kaka. Wanda ya ƙare, gobe ki samu wani a kasuwa da 'yan sefa kaɗan.